Bokitin Yaya Marusia

Saura kwana uku Orest ya cika shekara saba'in, matarsa Lesia kuwa har yanzu ba ta tsai da miyar da za ta fara ba baƙi ba. Mutum goma za su ci abincin yamma a gidan ranar Asabar. Tanda ta riga ta zama ta naman shanu, murhu na dankali da sauran tarkace, saboda haka miyar da ake sha da cokali kafin a kawo babban abinci dole a dafa ta tun Alhamis, a ajiye.

"Ki yi ta dankali mana," in ji Orest, yana bayan jarida.

"Mai madara? Ta kwana biyu ka ɗumama ta, ta tsinke maka sai ka ce kunun da ya ji ruwa. Kai dai ci ka iya."

"To ta kabewa."

"Ita na yi bara. Ita na yi bara waccan."

Orest ya sauke jarida kaɗan, ya leƙo ta saman tabarau. "Borsh ɗin Mama ai sai ta kwana take daɗi."

Lesia ta ja tsaki, ta shiga goge teburin da ba abin da ya same shi. Ta san da haka, duk garinsu na Dauphin ma an sani: jar miyar nan ta kabeji da bitirut, wata jar saiwa mai kama da dankali, ba ta nuna kanta sai ta yi kwana biyu a sanyi. Amma ita ce miyar da ta raba ta da yayarta Marusia. Shekara biyu da suka wuce, a cin abincin jana'izar mahaifiyarsu, Lesia ta dafa ta. Marusia ta ɗanɗana a gaban matan coci, ta ce wannan jan ruwa ne kawai, ba miyar Mama ba. Lesia ita ma bakinta ba ya kwana da bashi, ta ce, "Ke da kika iya, ina kike duk watannin da take kwance?" Tun daga ranar ko gaisuwa ba sa yi. Titi huɗu ne tsakanin gidajensu, ciki ɗaya suka fito, amma in sun haɗu a kanti kowacce sai ta tsaya karanta bayan gwangwani.

Orest ya matsa har aka aika wa Marusia katin gayyata. Amsa shiru. Lesia ta ce ko a jikinta, sai dai kwanonin miya goma sha ɗaya ta sauko da su daga kabad ta wanke. Tana kewar yayarta ƙwarai, girman kai ne ya hana ta faɗa.

Ranar Alhamis da hantsi ta sauka ɗakin ƙasa ɗauko kabewa, ta hawo da bitirut shida.

"Sun fara tsiro ne," ta ce, tun ba a tambaye ta ba. "Asara za a yi?"

"Allah ya kiyaye," in ji Orest.

Ta wuni a kai. Ƙashin shanu ya dahu har romo ya yi kauri, ta yanka kabeji siri-siri, ta goga karas, hannuwanta suka rine jawur. Da ta ɗanɗana sai ta tsaya da cokali a baki. Miya ta yi daɗi, ba ƙarya, amma akwai wani abu can ƙarshen harshe da na Mama ke yi, nata bai yi ba. Ta ƙara gishiri, ta ƙara tafarnuwa, abin nan dai bai zo ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne Marusia ta yi gaskiya.

Sai wurin zubawa. Firij ya cika, amma a watan Janairu wa ke damuwa da firij? Baranda na nan, sanyinta ya fi na kowace na'ura. Bokitan askirim da take zuba miya a ciki ne matsalar. Gidan yana da su sun fi ashirin, duk Orest ya cika su da kifin da ya kamo a tafki. Guda ɗaya tak ya rage, can ƙuryar kabad, da salatif a murfinsa an rubuta MARUSIA da baƙin alƙalami. A cikinsa yayarta ta kawo abinci makon rasuwa. Ba a mayar wa mutum bokitinsa wayam, ko ɗan yaye ya san wannan, sai an zuba wani abu a ciki. Lesia ba ta yarda ta zuba ba, ba ta kuma iya yarwa ba, shi ya sa ya shekara biyu a ƙurya.

"Aro ne kawai," ta gaya wa bokitin. Ta cika shi fal, ta danne murfi, ta kai baranda.

Washegari da rana ta fita ta duba ko miyar ta daskare. Babu bokiti, sai zagayen gindinsa a kan dusar ƙanƙara, da sawun takalmin Orest har bakin a-kori-kurarsa.

Ta same shi a kicin yana shan kofi, fuska sai annuri.

"Ina miyata?"

"Na kai mata tun da safe." Ya miƙo hannu zai dafa kafaɗarta. "Lesia, kin burge ni. Na ga bokiti cike, ga suna a kai, an ajiye a bakin ƙofa, na ce yau matata ta yi abin da ya fi ƙarfin shaiɗan."

"Orest Bilash! Miyar baƙinka ce! Ajiya na yi!"

Annurin ya fara dushewa. "A bokitin mutane?"

"Don ka cika nawa da kifinka mai ƙarni! Tashi ka karɓo min."

"Ni? In ƙwanƙwasa in ce Yaya, kyautar nan kuskure ce? Gara ki ce in kwana a tafki."

Lesia ta zauna daɓas a kujera. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta rufe ƙofa."

Shi ke nan, an kai jan ruwa har gida a sake yi masa dariya. Lesia ta sauka ɗakin ƙasa ta ɗauko kabewa, ta sassare ta kamar ita ta yi laifin. Orest ya ga ba wurin zama, ya fita share dusar da ya riga ya share.

Ranar Asabar ƙarfe biyar da rabi baƙi suka fara shigowa, takalma suka taru a bakin ƙofa, riguna masu nauyi suka hau gado. Miyar kabewa na kan wuta, lafiyayya, ba mai kushe ta. Lesia ta jera kwano goma. Na goma sha ɗayan ta riƙe shi ta juya, ta mayar kabad, ta sake saukowa da shi. Tana nan riƙe da shi aka buga ƙofar baya, wadda 'yan gida kaɗai ke bi.

Marusia ce, cikin tsohuwar hularta ta ulu, gashinta ya ƙara fari. Ta rungumo bokitin a ƙirji.

"Matsa min, sanyi zai kashe ni," ta ce. "Ina tukunya?"

Lesia ta kauce. Marusia ta juye bokitin a tukunya, ta kunna wuta, ta tsaya tana juyawa kamar jiya ta bar kicin ɗin. Da miyar ta yi zafi ta ɗebo a cokali ta miƙa wa ƙanwarta.

Lesia ta kurɓa. Abin nan ya zo, can ƙarshen harshe, ɗan tsami mai tsayawa. Sai ga ta a kicin ɗin Mama tana shekara takwas, ƙafafunta ba sa kai ƙasa daga kujera. Idonta ya ciko.

"Me kika sa?"

"Ruwan tsamin kokwamba, kofi ɗaya. Ba a kan wuta ba, sai ta kwana ta huce. A baranda Mama ke zubawa da sassafe, kina barci. Ni ake aika in ɗauko kwalbar, shi ya sa ba ki taɓa gani ba." Marusia ta ci gaba da juya miya, ba ta ɗago ba. "Da na gaya miki ranar nan, maimakon abin da na faɗa."

"Yaya, ni ma abin da na ce..." Lesia ta ajiye cokalin. "Kuma gaskiya ba ni na aiko ba. Wancan tsohon ne ya gani a baranda ya ɗauka."

"Na sani mana. Wa ke aika wa mace ɗaya miyar mutum goma?" Marusia ta ajiye ludayi. "Amma ke kika dafa ta, kuma a bokitina kika zuba. Na ce ya ishe ni."

Orest ya leƙo kansa ta ƙofar kicin. "To, wacce za a kawo ne? Baƙi sun fara cin burodi gaya."

"Fita!" suka ce tare.

Borsh aka sha, har da masu neman ƙari. Miyar kabewa ta koma baranda ba wanda ya tambaye ta. Orest ya ba da labarin yadda shi da kansa ya shirya komai, matan biyu suka bar shi ya yi ta yi, tun da ranarsa ce.

Da aka watse, Lesia ta wanke bokitin, ta goge shi, ta jawo tukunyar kabewa za ta cika shi. Marusia ta riƙe mata hannu, tana ɗaura hula da ɗayan.

"Bar shi nan. Ba na son kabewa."

"To in ba ki wayam?"

"Ki kawo min ranar Laraba da kanki, kar ki aiko wannan tsohon. Ina dafa shayi ƙarfe uku."

Lesia ta ajiye bokitin a kan tebur, inda za ta riƙa ganinsa. Tun Marusia ba ta kai bakin titi ba ta fara tunanin abin da za ta zuba a ciki.