Layin da Yaya Ta Goge

Tun ranar da Auta ya shigo ofis rungume da wata tsohuwar kwamfuta, Yaya ta sa masa ido. Ita dama ba ta ƙaunar abin da ba a shawarce ta a kansa ba, ga shi kuma yaron ya zo da wata fara'a da ta yi yawa.

Ofishin nasu ɗaki ɗaya ne a saman shagon gyaran waya: tebur biyu, fanka mai ƙara, da taga mai kallon titi. A nan ita da ƙanin nata suka shafe shekaru suna rubuta manhajar da masu shagunan magani ke duba abin da ya ƙare da abin da ya kusa lalacewa. Ita ta fara aikin, ita ta koya masa. Tsarin aikinsu kuwa abin dariya ne: filashi guda ɗaya mai ɗauke da duk manhajar, kullum a jakar Yaya. Mai gyara ya karɓa, ya gama ya mayar. A ciki akwai folda mai suna "sabo", da "sabo na gaske", da "na ƙarshe kar a taɓa", wadda ita aka fi taɓawa.

Auta ya tura kwamfutar ƙarƙashin teburinsa, ya jona mata wayoyi, ya ce daga yau ita ce sabarsu, wato ma'ajiyar da kowa zai riƙa tura aikinsa. Ya ce akwai wani tsari mai suna Git da ke riƙe kowane gyara, ko an ɓata abu sai a koma baya. Ya ce gara su ajiye kayansu a tasu na'urar da su kai wa wasu ajiya. Ya ƙara da cewa har daga gida mutum zai iya shiga.

Wannan "daga gida" ita ta tsaya wa Yaya a rai, don ta tuna da wani mai jar mota. Mutumin yana da babban kamfanin manhaja, kuma ba sau ɗaya ba ta hango shi ta taga yana sauke Auta a bakin titi, suna ta musabaha kamar tsofaffin abokai. Auta bai taɓa ɗauko mata zancen ba. Ta haɗa wannan da wancan, ta ga inda aka dosa: abin da ta riƙe a jakarta shekara da shekaru, yanzu an yi masa ƙofa, kuma mai yin ƙofar ya san wanda ke jira a waje. Tsoro ya kama ta, ba na rasa manhajar kaɗai ba. In Auta ya tafi da ita, ya tafi ke nan.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya zaunar da ita gaban allo ya ce ita ce mai sabar, ita ke da iko da komai. Ya buɗe mata wani ɗan fayil mai layi biyu, kowane layi dogon tarkacen haruffa marasa kan gado. Na sama nata ne, na ƙasa nasa. Ya ce su ne mabuɗai. Duk wanda layinsa ke ciki ƙofa a buɗe take gare shi, in suka ɗauki ma'aikaci wata rana ya bar aiki, sai ta goge nasa kawai. Wani da ya ji haka hankalinsa zai kwanta. Yaya kuwa cewa ta yi a ranta, wannan kyauta ta yi kyau da yawa.

Daga nan ta koma mai gadin ƙarƙashin tebur. Sabar tana da wata 'yar koriyar fitila da ke ƙiftawa duk lokacin da wani abu ke wucewa. Yaya tana aiki, rabin idonta na kan fitilar. In Auta ya fita amsa waya, sai ta ga kamar ƙiftawar ta ƙaru. In ya tambaye ta ko ta tura gyaranta, sai ta ce gobe.

Ranar Asabar da hantsi ta zo ofis ita kaɗai ɗaukar caja. Ɗakin shiru, kujerar Auta babu kowa, amma fitilar nan tana ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Nan take ta zargi Auta. Yana gida a kishingiɗe, yana kwashe musu kaya ta waya! Ko jakarta ba ta ajiye ba ta buɗe ɗan fayil ɗin, ta goge layi na ƙasa, ta adana. Jim kaɗan fitilar ta natsu. Yaya ta sauke ajiyar zuciya, har da ɗan alfahari, ta kulle ofis ta tafi.

Safiyar Litinin ta tarar da Auta a zaune, kwamfutarsa a buɗe. Ya gaishe ta yadda ya saba. Sannan ya ce wani mai shagon magani ya kira shi jiya, manhaja ta daina nuna magungunan da suka kusa lalacewa. Ya gyara, ya zo turawa, saba ta ce ba ta san shi ba. Da farko ya ɗauka matsalar wuta ce. Sai da ya zo ya duba da idonsa.

"Yaya, ke kika cire ni?"

Ba ta musa ba. Ta ce ta ga fitila, ta kuma ga jar mota, ita ba yarinya ba ce.

Auta bai nuna fushi ba. Da ya yi faɗa ma da ta fi samun sauƙi. Sai ya juyo mata da kwamfutarsa, ya ce, "Duk aikinmu yana nan ciki tun ranar farko. Yana cikin taki ma. Haka tsarin yake, kowa da cikakken nasa. Da ɗauka nake so, ba sai na bi ta saba ba. Ranar Asabar zubawa nake yi, Yaya. Abubuwan da na rubuta a tawa waɗanda ba ki da su, su nake tura miki."

Ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ashe ba ta hana komai fita ba, shigowa kawai ta hana. Amma da yake zargi ba ya mutuwa da sauri, sai ta tambaye shi mai jar mota fa.

Ya ce gaskiya ne, mutumin ya yi masa tayin aiki. Bai ce masa e ba, bai ce a'a ba. Ya so ya gama gyara musu tsarin nan tukuna, ya ga ko za su iya girma su biyu a ɗakin nan.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ban sani ba."

Ta jawo kujera da sauri ta buɗe fayil ɗin, ta ce bari ta mayar masa da layinsa. Yatsunta suka tsaya a kan madannai. Me za ta rubuta? Tarkacen haruffan nan ba abin haddacewa ba ne, kuma ba ta ajiye su a ko'ina ba. Auta ya ce mata a hankali, ai ba daga wurinta yake fitowa ba. Mai mabuɗi shi ke bayar da layinsa. Ya ce zai turo mata.

Bai turo a ranar ba. Washegari ya zo da wuri, ya gaishe ta, ya tambayi yara, ya yi aikinsa cikin ladabi kamar baƙo. Yaya ta duba saƙonninta da safe, ta duba da rana. Tebur biyu ne kawai a ɗakin, ko ɗaga murya ba sai ta yi ba, amma ta kasa buɗe baki ta roƙa. Da yamma ya rufe kwamfutarsa, ya sa a jaka, ya ce mata sai da safe. Ta bi shi da ido har ƙofa, ba ta ƙarasa bakin taga ta duba ko jar motar na jiransa ba.