Kyankyasan Umair

Ranar da aka kwantar da Umair a asibiti, ciwon sikila ya sa ko magana da ƙyar yake yi. Duk da haka sai da ya riƙo hannun yayarsa Rahama.

"Yaya, Gimbiya. Kada ki bari ta mutu."

Gimbiya hawainiya ce. Ya daɗe yana kiwonta a ɗakinsa na bakin zaure, a gidansu na Ƙofar Guga, cikin kejin raga da ya kafe a bango ya cika da rassan gwaiba. Ƙarƙashin kejin akwai babbar roba inda yake kiwon abincinta, wato kyankyasai. Ba irin na masai ba ne. Wajen wani Yohanna ya samo irinsu a Ƙofar Durbi, ya jera masu kiret ɗin ƙwai su ɓuya su hayayyafa, yana ba su dusa da ɓawon karas, da yankan lemo a madadin ruwa. Bakin robar kuma ya shafe shi da basilin daga ciki, duk wanda ya hauro santsi ya mayar da shi.

Abu biyu ya ja wa Rahama kunne a kai: kada basilin ɗin ya goge, kada kuma maganin ƙwari ya kusanci ɗakin. Hawainiya ko ɗaya ta haɗiye wanda ya taɓa guba, ta tafi.

Rahama dai tun tana yarinya kyankyaso ke fitar da ita ɗaki a guje, hawainiya kuwa ko kallonta ba ta so. Amma kullum da safe, kafin ta tafi shagonta na ɗinki, takan ɗauki dogon hantsaki, ta kawar da kai, ta cafko guda ta jefa cikin keji. Kullum kuma Umair sai ya kira ya tambaya ko ta ci. Innarsu, wadda ke jinyarsa, ta ce sai ya ji amsa yake yarda ya sha kunu.

Ranar Laraba Gwaggo Hajo ta zo daga Ƙofar Kwaya ta riƙe masu gida. Mace ce mai tsabta, ko tsinke ba ta bari a tsakar gida.

Rahama ta dawo da azahar. Tun daga zaure warin fiya-fiya ya doki hancinta. Ta ga ƙofar Umair a rufe, an cusa tsumma ta ƙasa, tagar ma an ja ta.

"Gwaggo! Mi aka yi a ɗakin nan?"

Gwaggo Hajo ta fito tana share hannu da zane. "Ke dai bari, ɗiyar nan. Kuna zaune da annoba ba ku sani ba. Na shiga shara, na ga roba bakinta duk maiƙo, na sa tsumma na goge. Kafin in juya, ga su nan suna ɓulɓulowa kamar tafasar tukunya! Na yayyafa masu magani na toshe ko'ina. Kada ki buɗe sai la'asar, ki bar shi ya ci su."

"Hawainiyar fa?"

"Wace hawainiya?"

"Ta cikin keji, Gwaggo!"

"Innalillahi! Ni ganye kawai na gani. Hawainiya a cikin gida? Rahama, kada ki taɓa abin nan, tofi take yi!"

Rahama ta naɗe hancinta da gefen hijabi, ta fizge tsumman, ta tura ƙofa.

Warin ya sa idanunta suka kawo ruwa nan take. Daɓen ɗakin gaba ɗaya motsi yake. Wasu sun kife suna wutsil-wutsil da ƙafafu, wasu na tangaɗi a jikin bango, wasu sun hau katifa. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ji Gwaggo a bayanta tana kiran sunanta. Sai ta yi bisimilla ta taka.

Ƙaras, ƙaras, ƙarƙashin silifas. Wani ya bi ta kan yatsunta, ta danne ihu don kada ta shaƙi iskar. Ta kai ga keji ta jijjiga shi, yana kafe da ƙusa. Babu yadda za ta yi sai ta sa hannu.

Da farko ba ta ga Gimbiya ba. Can ƙasan reshe ta hango ta, ta yi baƙi ƙirin, idanu a rufe. Rahama ta zura hannu. Fatar sanyi gare ta, da kaushi. Ƙananan yatsu suka saki reshen ɗaya bayan ɗaya, suka damƙe babban yatsanta, wutsiyar ta naɗe mata wuyan hannu. Ta fito da gudu tana tari.

A gindin gwaibar tsakar gida ta durƙusa. Ta ɗora Gimbiya kan reshe na ƙasa, ta yayyafa mata ruwan randa. Gwaggo Hajo ta tsaya can bakin madafa, hannu bisa ƙirji.

"Ta mutu?"

"Ban sani ba, Gwaggo."

Rahama tana ta tunanin abin da za ta faɗa idan waya ta yi ƙara. Can sai haƙarƙarin ya ɗaga, ya sauka. Ido ɗaya ya buɗe, ya juya sama, ya juyo ƙasa, ya tsaya a kan kafaɗarta. Ɗayan ma ya buɗe ya bi shi.

Rahama ta duba. Wani ƙaton kyankyaso ne ya maƙale a hijabinta tun daga ɗaki, jikinsa na sheƙi da magani, yana gangarowa hannunta wajen reshen. Bakin Gimbiya ya fara buɗewa, kan harshen ya leƙo.

Hantsaki yana ɗaki. Rahama ta kai ɗaya hannun ta damƙe kyankyason.

Harshen ya fito ya daki bayan yatsunta, ya koma. Ita kuwa ta ƙanƙame hannu, ƙafafun na karta mata tafi, tana kuka tana cewa, "Gwaggo, bokiti! Ruwan sabulu!" Gwaggo ta kawo da sauri har tana tuntuɓe. Sai cikin ruwan Rahama ta buɗe hannu. Ta tuɓe hijabin ta jefa, ta wanke hannu har sau nawa.

Kafin la'asar, kore ya fara dawowa a gefen Gimbiya. Sannan waya ta yi ƙara.

"Yaya, ta ci?" Muryar Umair can ƙasa.

"Ba ta ci ba tukun. Ga ta nan kan gwaiba tana hararata. Ka sha kununka."

"Kan gwaiba? Wa ya fito da ita?"

"Ni."

"Ke? Da hannu?" Ya yi dariya har ta koma tari. "Mi ya faru?"

"In na zo zan ba ka labari. Yanzu kwatanta mani gidan Yohanna."

Tana ajiye wayar ta ga Gwaggo Hajo tsaye da mayafi. Ta riƙo sabuwar robar wanki ta Inna a hannu ɗaya, a ɗayan kuma kwalbar basilin ɗinta ta shafawa.

"Wannan zai yi?" in ji Gwaggo. "Amma ke za ki riƙe kyankyasan a cikin Keke Napep. Ni gaba zan zauna."