Ranar da Tuwona Ya Dawo Cike

Ranar da kwanon tuwona ya dawo daga ƙofar gida cike, na san magana ta lalace. Shekara talatin da ɗaya ina aure a wannan lungu na Gadarif, a ƙasar Sudan. Kullum bayan magariba mazan unguwa kan shimfiɗa tabarma su yi ciyayya, kowa da kwanon gidansa, kuma ba a taɓa dawo mini da ko loma ba. Ba yabon kai ba, miyar kukata har Larabawan layin baya sun san da zamanta. Amma ran nan maigidana ya shigo da kwanon a hannu, tuwon na nan yadda na malmala shi, gefe guda kawai aka gutsura, inda shi ya ci.

"Yau mutane a ƙoshe suke," in ji shi.

Na karɓi kwanon. Mutum takwas ba sa ƙoshi rana ɗaya.

Maigidana, Malam Sharu, mai awo ne a kasuwar amfanin gona. Dawa da riɗin da motoci ke kwasowa daga gonakin Simsim, a kan sikelinsa ake ɗora su. In ka cire sikeli, ban san abin da ya rage a jikin mutumin nan ba. Kasuwa, masallaci, gida, shi ke nan. Farar jallabiyarsa ko a tsakar gida ba ya cire ta, ko zafi zai kashe shi. To, wannan mutumin ne wata huɗu da suka wuce ya tsiro da sabon hali. Duk Alhamis bayan azahar sai wata farar boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ta tsaya a bakin titi, wani Balarabe mai gemu da ake kira Hamid yana tuƙi, Malam ya shiga. Ba zai dawo ba sai Juma'a da yamma, idanu jajur, ga yunwa kamar wanda ya yi noma. In na tambaya sai ya ce, "Mafaza na je, akwai ɗan sha'ani." A Mafaza aka haife shi, gaskiya ne, amma ba shi da kowa a can yanzu, kuma a da ko sunan garin ba ya son ji.

Shekarun nan ne da mutum kan waiwaya kafin ya ce sukari ya yi tsada. Maƙwabcinmu Maliki, mai sayen riɗi, bai waiwaya ba. Wata rana a gaban sikeli ya faɗi abin da ke ransa kan yadda ake tafiyar da ƙasa. Bayan kwana uku wasu mutane, waɗanda ba a kiran sunansu, suka zo da farar mota suka tafi da shi. Sai da ya kwana ashirin da biyar ya dawo, yana jan ƙafa ɗaya, kuma har yau bai faɗa wa kowa inda ya je ba. Wa ke tsaye a gaban sikeli ranar da ya yi maganar? Mijina. Wa ke shiga farar mota duk mako? Mijina. Unguwa ba ta buƙaci malamin duba ba.

Washegarin dawowar kwanon na haɗu da Fadimatu, matar Maliki, wajen mai jakin ruwa.

"Yaya Hajo," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Malam kam ya samu abokai masu arabiya, farar mota kuwa, mashallah. Allah ya ƙara girma."

Matar da na yi wa wankan jego sau uku ke nan. Na koma gida kai tsaye. Na zazzage aljihunan Malam, na ɗaga katifa, na buɗe akwatinsa. Ban ga takarda ba, ban ga komai ba, sai wani dogon wando mai danshi da ƙarni a ƙasan jakarsa, da guntuwar igiya. Igiyar nan ta hana ni sukuni. Me mai awo zai ɗaure da ita? Wallahi na gwammace a ce caca yake yi. Na ƙulle zannuwana a ɗankwali, na tura ƙarƙashin gado. Na ce wa raina, in ta tabbata da bakinsa aka karya ƙafar Maliki, ba zan ƙara kwana a gidansa ba.

Da Alhamis ta zagayo ya tafi kamar kullum. Juma'a bayan asuba na hau motar albasa mai zuwa Mafaza. Kafin mu isa rana ta ɗaga, ƙashin bayana kuwa ya gane kurensa. Ban sha wahalar nema ba. Farar boksin na can ƙarƙashin wata bishiya a bakin kogin Rahad, bayanta cike da kwandunan kifi da ƙanƙara a cikin buhu, Hamid ɗin da nake jin tsoro yana kwance a inuwa yana sakace. Rani ne, kogin ya tsinke ya bar gurabe masu zurfi. Na laɓe bayan kaba na leƙa.

Ga Malam Sharu, ɗan shekara hamsin da takwas, ba riga, an ɗaura masa jarkoki biyu a ƙirji da igiya, yana fafur-fafur a cikin ruwa kamar kazar da ta faɗa randa. Wani tsohon masunci na tsaye ruwa iya ƙugu yana yi masa tsawa: "Ƙafa, ya zol! Kai mutumin nan, ƙafa! Kada ka ɗaga kai!"

Ban san lokacin da na fito fili ba. Da ya gan ni sai ya kurɓi ruwa, ya fito yana tari, yana kare ƙirjinsa da hannu kamar ban taɓa ganinsa ba.

"Hajo, me ya kawo ki?"

"Ni zan tambaye ka, Malam. Wannan ne sha'anin?"

Ya zauna a kan yashi, jarkokin na maƙale da shi. Ya nuna gurbin da haɓarsa. Ya ce a nan mahaifinsa ya nutse, taru ya naɗe masa ƙafa, shi yana da shekara tara yana tsaye a gaɓa yana kallo. Tun ranar ya yi wa kansa iyaka da ruwa, ya gudu birni ya rungumi sikeli.

"Kin tuna jana'izar yayata, Yaya Asiya, bara da damina?" ya ce. "Na ce miki aiki ne ya riƙe ni. Ƙarya na yi. Horin nan, rafin da ya ratsa gari, shi ne ya kawo ruwa. Iya gwiwa ne kawai, Hajo. Mata suna ƙetarewa da kaya a ka, ni ina tsaye tun la'asar har aka binne ta. Halas, shi ke nan, ran nan na ce ko in koya ko in mutu a haka. Shi ne na nemo tsohon nan, Cindo, abokin aikin babana."

Tausayinsa ya kama ni, amma haushi ya riga shi fitowa. Na ce, "Ka san abin da ake faɗa a kanka a unguwa?"

"Na sani."

"Ka sani ka yi shiru?"

"In ce musu me? Mai awon kasuwa yana tsoron ruwa iya gwiwa? Gara su ce mugu ne."

"To ni ban yarda ba! Kai ka zaɓi mugunta a kan dariya, ni kuma tuwona ake dawo mini da shi."

Tsoho Cindo ya fito yana matse wandonsa. "Uwargida, ma'alesh, yi haƙuri in sa baki," ya ce. "Mutumin nan ya iya tun watan jiya. Igiyar ce ya ƙi saki."

Malam ya dube shi, ya dube ni. Sai ya sa hannu ya kwance ƙullin, jarkokin suka faɗi. Ya shiga ruwa yana karanta duk addu'ar da ya sani. Ba zan ce iyon ya yi kyau ba, ya fi kama da dambe. Amma ya kai wancan gefen, ya riƙe saiwar bishiya, ya kifa kansa a kanta, kafaɗunsa na girgiza. Ni ma na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Ran Asabar bayan magariba ya ɗauki kwanon ya fita, ni kuma na manna idona a ramin katanga. Ya ajiye tuwon a tsakiyar tabarma, bai zauna ba. Ya faɗi komai, har maganar jana'izar.

Maliki ya ce, "Labari kam kwayyis, ya yi daɗi. Kowa ma ya iya labari."

Sai Malam ya kama jallabiyarsa ya cire ta, a gaban titi, a gaban kowa. Shatin igiya ya zagaye ƙirjinsa da hammatarsa, wani ya warke ya yi baƙi, wani ɗanye. Liman ne ya fara tuntsirewa da dariya, saura suka bi. Maliki bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon shatin, sannan ya bi fuskokin sauran mutanen ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tambayar to wa ya kai shi, dariyar ta mutu. Ya jawo kwanona gabansa ya yi bisimilla.

Kwanon ya dawo a suɗe. Na shiga ɗaki da murnata, sai na tarar da Malam zaune a bakin gado, ƙullin zannuwana a kan cinyarsa. Ashe neman takalminsa ya yi ya gano shi.

"Har da ke, Hajo?"

Na so in ce kayan wanki ne. Na ce, "Har da ni, Malam."

Ya gyaɗa kai kawai, kuma na fi so a ce zagina ya yi. Na karɓi ƙullin na kwance, na zaro zanen da ya fi kauri na ɗora masa a gwiwa. Na ce ya tafi da shi ran Alhamis ya riƙa goge jiki, don ba zan yi jinyar mura ba.