Silifas a Ƙofar Rohaya

Ni Sarmin na riga kowa gani. Ban taɓa zama a aji ba, amma ambaliya ta cinye gidana a bakin kogi ban mutu ba, rusau ya koro ni benen gwamnati a Jakarta ban mutu ba, kuma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Dokar benen kowa ya san ta. Wanda haya ta taru masa, in yana ciki, gargaɗi ne da lallashi. In aka tarar ya bar ɗakin, kwaɗo ake garƙamawa a ba wani. To, Rohaya mai tuyar ayaba haya ta taru mata, ga shi ta tafi ƙauye jinyar mahaifiyarta. Maƙwabciyarta Ngatiyem ce ta rufa mata asiri. Kullum da safe sai ta shanya zanen Rohaya a baranda, ta jera silifas ɗinta a bakin ƙofa, wai a ce matar na ciki.

Abin da ya hana Ngatiyem sakat shi ne tsohon da ke zama a kan matakala, wato ni. Ta ga yadda nake ƙura wa silifas ɗin ido. Ta kuma taɓa ganin Handoko, ma'aikacin ofishin haya, ya miƙa mini sigari. A ranta ta gama yanke hukunci: wannan tsohon ɗan rahoto ne.

Wata rana ta ce mini, "Mbah," wato Kaka a yarenmu, "ba ka da aiki ne sai gadin takalman mutane?"

"Ina Rohaya? Kwana biyu ban ji masifarta ba."

"Tana ciki. Zazzaɓi."

"Zazzaɓin nan ya koya mata tsari, Bu," na ce, da kiran girmamawar da muke yi wa mata.

Ta shige ɗaki tana leƙe ta labule.

Ranar da Handoko ya hau zagaye an wayi gari da ruwan sama. Ngatiyem na leƙe ta ga tsohon, ni ɗin dai, ya taso da sandarsa, ya shure silifas ɗin, ɗaya ya kife, ɗaya ya yi bakin rariya. Ya tsoma su a ruwan da ya kwanta a baranda, ya goga musu taɓon ƙafarsa. Ta dafe ƙirji, ta ce shi ke nan, alama yake bar wa mutuminsa.

Handoko ya iso da kwaɗo a hannu, don tun tuni shirun ɗakin ya dame shi. Ya dubi silifas jiƙe sharkaf, a warwatse. Ya buga ƙofa.

"Bu Rohaya! Na san kina ciki! Yanzun nan kika shigo, ga takalmanki na ɗiga! Ki yi ta ɓuya, wata mai zuwa ina nan tafe!"

Ya mayar da kwaɗonsa jaka ya sauka yana mita.

Sai a lokacin Ngatiyem ta tuna. Tunda Rohaya ta tare a benen, ba ta taɓa jera takalmi ba, wurgi take yi da shi. Ita kuwa Ngatiyem ta yi ta jera su tsaf, a bushe, ana tsakiyar damina.

Da yamma ta kawo mini shayi, tana sunkuyar da kai.

Mai musun labarin nan ya hau hawa na huɗu na benenmu. Rohaya ta dawo, tana cikin ɗakinta. Ya gwada jera mata takalmi, ya ji abin da za ta gaya masa.