Maimaicin Shirin Manoma

"Baba Tela, ajiye kwalbar nan," na ce daga bakin ƙofa. "Yanzu fa yamma ce."

"Wace irin yamma, 'yar nan? Ba ki ji shirin manoma ba?"

Na ji. Rediyon na kan tsohon keken ɗinkinsa, wani mutum yana ta zuba bayani kan tsutsar masara. Na zare kwalbar daga hannunsa, ya sakar mini ita yana ƙunƙuni.

Ɗakinsa na jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu. Tun da ciwon suga ya cinye masa idanu, rana da duhu suka zama abu ɗaya a wurinsa, ga barci da ke sace shi a zaune. 'Yarsa Auta, wadda ke aiki a wata masaƙa can nesa, ita ta ɗaura masa magunguna a jikin shirye-shiryen rediyo. In an fara labaran safe sai ya sha na hawan jini. In aka shiga shirin manoma sai ya sha na suga, ni kuma in shigo masa da abin karyawa. Sauran yinin nasa ne. A shirin shari'a yakan yanke wa kowa hukunci kafin lauya ya buɗe baki, shirin likita kuwa rage murya yake yi, wai tsorata mutane kawai suka iya.

Da wannan dabarar ya samu aka bar shi a ɗakinsa. Auta ta so ta tafi da shi, ya ce shi ba zai je ya ƙarasa a falon suruki ana tsallake ƙafafunsa ba.

To sai gidan rediyon suka sallami ma'aikata, suka cike yamma da maimaicin shirye-shiryen safe. Babu wanda ya tuna da wani makaho a ƙarshen layinmu, kuma me zai sa su tuna?

"Maimaici ne, Baba. Na safe ne suka sake sawa."

Ya murza gefen zanen gado.

"Shi ya sa tsutsar nan ta ƙi mutuwa," ya ce. Ya yi 'yar dariya, ni ban iya ba. "Kar ki faɗa wa Auta. Kwashe ni za ta yi."

Na kira ta a waya na faɗa mata, ko minti biyar ban ɓata ba.

"Yaya, wallahi sun hana ni hutu," ta ce, ƙarar injuna na cinye rabin maganarta. "Sai ƙarshen mako. Ki riƙe kwalbar a wurinki, don Allah."

Na riƙe. Ya yi fushi da ni, gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa. Abin da ni da Auta ba mu sani ba, tela ba ya rasa aljihu. Akwai ragowar wasu ƙwayoyin a cikin akwatin maɓallai, ya san wurinsu da yatsa.

Kafin ƙarshen makon na je asibiti da ƙaramar 'yata, layi ya riƙe mu har yamma. Da na dawo na ji muryar mai tsutsar masara tana fitowa ta tagarsa, na ruga ɗakin. Na same shi a kishingiɗe, rigarsa jiƙe da gumi, faranti babu komai a kan cinyarsa. Ya sake shan maganin suga ba abinci a cikinsa, ya zauna jiran abin karyawa.

A asibiti bai farka ba. Auta ta iso ana cire masa robar hanci, rai ya riga ya yi halinsa. Ba ta yi kuka a wurin ba, tambayata kawai take yi ko ya ambaci sunanta. Na ji haushin gidan rediyon, na ji na masaƙar, na ji nasa shi kansa, har na rasa wanda zan ɗora wa.

Bayan kwana biyu muka shiga kwashe kaya, mai gidan haya ya riga ya samu wani. Auta ta ɗaga rediyon za ta sa a kwali, sai ta tsaya. A jikin abin murɗa tasha akwai ɗan farin maɓallin riga da ya manna da gam, daidai inda tasharsa take. Ta zauna a bakin gadon da aka yaye, ta ɗora babban yatsanta a kan maɓallin.