Ƙararrawar Mai Burodi

"Kyauta na ba ka, Malam Kailani, amma da sharaɗi," in ji Madam Ugochi.

Kailani dillalin tsofaffin ƙarafa ne a Tudun Wada, kallo ɗaya ya yi wa ƙararrawar ya san tagulla ce zalla. Ta mijin Madam ce, marigayi Chukwuka, wanda ya tsufa yana yawon sayar da burodi a keke. Yanzu ta ɗaure kaya za ta koma garinsu.

"Faɗi, Madam. Ni sharaɗi ba ya hana ni ciniki."

"Kullum safiya zan kira ka a waya, ka kaɗa mini ita a bakin layinmu. In damina ta wuce, ka sayar."

Ya ce a ransa, tsuntsu daga sama gasasshe.

Ranar farko da ta kira, ya tsaya bakin layi ya kaɗa, duk kunya ta ishe shi. Sai ga yara a guje. Tela ya leƙo ya ce ashe lokacin buɗe shago ya yi. Wani ɗan acaɓa ya ce, "Baba, an sake sana'a ke nan?" Inna Kulu, tsohuwar da idonta ya daina gani, ta ɗaga murya daga zaure, "Mai ƙararrawa, ina ka shige? Miƙo na kullum." Ba wanda ya iya gaya mata Chukwuka ya rasu. Kailani ya je kanti ya sayo burodi, ya miƙa mata.

A waya kuwa Madam ba ta magana. Numfashinta kawai yake ji, sai ta kashe.

Akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Matarsa Jannatu, Allah ya jiƙanta, da jin wannan ƙarar take ɗora ruwan shayi. Duk sanda ya kaɗa sai ƙafarsa ta nufi gida da sauri, kamar zai tarar da tukunya na tafasa.

Damina ta wuce. Madam ta ce, "Na sallame ka, Malam. Yanzu ina samun barci." Maƙeri ya biyo shi har gida, Kailani ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ba mai kiransa kuma, amma yana fita.

Madam ta samu barcinta, Inna Kulu na cin burodinta. Kailani da ya ɗauka ya ci riba, shi ne kullum ke komawa gida da sauri ya tarar da murhu ba wuta.