Kalma Biyun da Husna Ta Toshe

Husna ta iya aikinta, kuma ta san ta iya, wanda shi ne ɗan aibinta. Tun da kawunta Ndako ya buɗe shagon hayar tukwanen oksijin a Tudun Fulani, ita ke rubuta masa tallar da ke fitowa a Google idan mutum ya yi bincike a waya. Duk wanda ya danna tallar, ya yi haya ko bai yi ba, sai an cire wa Kawu kuɗi. Don haka gwanintar ba ta tsaya ga jawo mutane ba, har da kauce wa masu dannawa su wuce.

A nan ta yi fice. Ta rubuta kanun a taƙaice: "Hayar oksijin a Minna. Muna kawowa har gida." Ta sa lambar waya. Sannan ta shiga inda ake toshe kalmomi ta saka guda biyu, da Hausa da Turanci: "kyauta" da "araha". Wanda duk ya haɗa ɗayarsu a bincikensa, tallar ba za ta fito masa ba. Asara ta ragu. Kawu ya yi ta sa mata albarka ba tare da sanin abin da ta taɓa ba, shi dai waya ta yi ƙara ya ɗora tukunya a keke.

Wata Laraba ta je Dutsen Kura ta'aziyya. Dorothy, ƙawarta ta sakandare da rabonsu da haɗuwa an daɗe, ita ta rasa mahaifinta, Baba Irimiya. Matan zumunta na coci suna waƙa a hankali ƙarƙashin rumfa, Dorothy ta ja ta gefe, ta riƙe hannunta.

"An sallame mu daga asibiti, likita ya ce mu nemi oksijin a gida," in ji ta. "Ran Lahadi da rana numfashi ya fara yi masa wuya. Na ɗauki waya, na rubuta ina neman oksijin mai araha a Minna. Kin san halin da muke ciki. Sai shagunan Abuja suke ta fitowa. Kafin mu samu mota mu koma asibiti, Baba ya tafi."

Husna ta tuna kalmar da ta toshe. Ta buɗe baki, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah ya ba ku haƙuri." Ta tashi ta tafi da maganar a cikinta, kunya da tsoro sun hana ta faɗa. Ta san in ta faɗa, wataƙila Dorothy ba za ta sake kallon fuskarta ba.

A shago ta tarar da Kawu yana goge tukwane. Ta zayyana masa komai, tana kare kanta tun bai zarge ta ba.

"Haka ake yi, Kawu. Kowa a aikin nan haka yake yi. Mai neman araha dannawa yake ya wuce."

Kawu ya dube ta. Sannan ya ajiye tsumman.

"Mai neman arahar takalmi ke nan. Wanda ubansa ke shaƙewa fa? Ran Lahadin nan tukwane suna nan a jere, ba wanda ya kira. Da yarinyar nan ta same ni, da na kai mata, maganar biya ta zo daga baya."

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ta zauna a bencin shago ta cire kalmomin biyu daga toshiyar. Ta sake rubuta kanun, ta goge, ta sake, har ta tsaya a kan wannan: "Oksijin a Minna, Tudun Fulani. Ko kuɗinka bai cika ba, kira." A ƙa'idar da ta koya, talla irin wannan ɓarna ce. Kawu ya karanta, ya ce a bar ta haka.

Gyaran bai sauke mata nauyin ba. Bayan an yi jana'iza ta koma Dutsen Kura. An kwashe rumfa, Dorothy na zaune ita kaɗai tana ninke kayan mahaifinta.

"Akwai abin da ban gaya miki ba," in ji Husna. "Ɗauki wayarki, ki rubuta abin da kika rubuta ran nan."

Dorothy ta dube ta da mamaki, amma ta rubuta. Tallar ta fito a sama, ita ce ta farko.

"Shagon kawuna ne. Ran nan ma yana buɗe. Ni na hana ta fito miki, saboda kalmar araha. Ban san ke ce ba."

"Da wata ce fa?" in ji Dorothy.

Dorothy ta mayar da idonta kan wayar, ta karanta a hankali, leɓɓanta na motsi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba.

"Tudun Fulani," ta ce. "Ashe nan kusa ne."